Daga Gombe zuwa Ghana a mota, ni da maigida: amsar tambayoyin da ake ta yi mana

Tun da muka dawo tambayoyin ba su canza ba, ko a gidan suna, ko a ɗakin malamai, ko a layin cirar kuɗi. Wasu da niyyar tafiya suke tambaya, wasu kuma so suke kawai su ji nawa aka kashe. Na tattara waɗanda suka fi yawa na amsa su a wuri ɗaya. Mu biyun ma'aikata ne masu jiran ƙarshen wata, saboda haka mai neman labarin babban otal ya nufi wani wurin.

Duk faɗin duniya, me ya sa sai Ghana?

Saboda biza da jirgi. Su ne ke cinye kuɗin ɗan Najeriya tun bai taka ƙasar da zai je ba, kuma dukansu da dala ake lissafinsu. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, tikitin mutum biyu zuwa Alƙahira ko Istanbul ya fi ƙarfin adashin malamar makaranta. Ghana kuwa tana cikin ECOWAS, kuma yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Mota tana kai mutum har can, kuma in ya sauka zai tarar da masu jin Hausa.

Wata ƙanwata ta ce, "Adda, wai Ghana ma ƙasar waje ce?" Na ce ta tsallaka iyaka uku a yini ɗaya, a buga mata hatimi shida a fasfo, sannan ta dawo mu yi maganar.

To nawa kuka kashe?

Ba zan faɗi adadi ba, kuma ba rowa ba ce. Kuɗin mota da canji ba sa zama wuri ɗaya. A 2025 kaɗai sidi, kuɗin Ghana, ya yi ƙarfi sosai a kan dala cikin 'yan watanni. Duk adadin da na rubuta yau zai zama ƙarya kafin ku gama zubin adashi.

Abin da ya fi amfani ku sani shi ne Ghana ba ta da araha ga mai riƙe da naira. Ɗaki, tasi, ruwan roba, har ƙwai, duk sun fi na Gombe tsada in ka juya lissafin. Arahar tafiyarmu daga wurare uku ta fito: ba mu biya biza ba, ba mu hau jirgi ba, kuma a zango muka kwana muka ci. Wanda ya sauka a jirgi ya kama ɗaki a unguwar Osu ko kusa da filin jirgin Akra, ya riƙa cin abinci a inda Turawa ke ci, ƙasa ɗaya muka je amma aljihunmu bai ga abu ɗaya ba.

Mota ce ta fi cin kuɗi, kuma mutane na mantawa da cewa Gombe zuwa Legas da dawowa shi ma babban kaso ne, don ya ninka Legas zuwa Akra nisa. Bayanta sai ɗaki. Na uku tsaraba, wadda ta fi abin da muka ci a duk tafiyar. Zama mutum biyu yana taimakawa a ɗaki, tunda kuɗinsa ɗaya ne ko kai kaɗai ne ko da iyalinka, amma kujerar mota da kuɗin shiga wurare sai an biya biyu.

Waɗanne takardu ake buƙata?

Fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, sai katin rigakafin cutar shawara, wanda kowa ke kira yalo kad. Duka ana farawa ne da lambar NIN, kuma ofishin shige da fice na nan Gombe yana yin fasfo, ba sai an je Abuja ba. Daga Satumban 2025 fasfo mai shafi 32 na shekara 5 ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara 10 kuma naira 200,000. Ga miji da mata wannan kuɗi ne mai nauyi, shi ya sa wanda bai da niyyar fita wajen Afirka ta Yamma nan kusa ya fara tambayar takardar ECOWAS, wadda ta fi sauƙi kuma take aiki shekara 2.

Maganar rigakafin ku ɗauke ta da gaske. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka ba abin da ake yi ana gobe tafiya ba ne. In an yi ta sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar tun 2016. Akwai masu sayar da katin ba tare da allura ba. Kada ku saya. Katin yanzu ana iya duba sahihancinsa a kwamfuta, kuma cutar ita ba ta karanta kati.

Ku ɗauki hoton kowace takarda a waya, ku kuma yi kwafi ku raba: nata a jakarsa, nasa a jakarta.

Yaya hanyar take?

Doguwa ce, babu amfanin ɓoyewa. Gombe, Bauchi, Jos, a gangara Akwanga, a wuce ta Abuja da Lakwaja har Legas, sama da kilomita 1,000. Mun kwana wajen 'yan uwa a Agege muka huta kafin mu ci gaba, kuma ban ga yadda mutum zai sauka daga wannan motar ya hau ta Akra washegari da asuba ba tare da jikinsa ya gaya masa ba.

Daga Legas ana bin hanyar Badagry zuwa iyakar Seme, a shiga Jamhuriyar Benin, a ratsa Kwatano, a fita ta Hillacondji a shiga Togo, a ratsa Lome, sai Aflao, ƙofar Ghana. Tsakanin Legas da Akra bai kai kilomita 500 ba, amma yini guda ake yi, wani lokaci har dare, saboda tsayuwar iyakoki da shingaye.

Hanyoyi biyu ne. Akwai manyan motocin kamfani irin su ABC da ke tashi daga Legas kai tsaye, kuma akwai bin ƙananan motoci guntu-guntu: daga Mile 2 zuwa Seme, daga Kwatano zuwa Lome, daga Aflao zuwa Akra. Guntu-guntun ya fi araha a takarda, sai dai a kowace iyaka kai da kanka za ka tsaya gaban kowane tebur, da kayanka a hannu da matarka a gefe, ga 'yan acaɓa da 'yan canji sun yanyame ku. Ga masu zuwan farko babbar mota ta fi.

Ku nemi kujerar hagu in za ku tafi. A Togo titin yana bin bakin teku, gaɓar ƙasar gaba ɗaya ba ta kai kilomita 60 ba, kuma ta tagar hagu ake ganin ruwan. Bishiyoyin kwakwa a jere, farin yashi, da maza kusan ashirin sun yi layi suna jan igiyar koma guda daga cikin ruwa, suna jingina da baya a tare, mata na zaune da manyan robobi suna jiran kifi. Maigida da ya yi ta gyangyaɗi tun Kwatano sai ga shi ya manna goshi a gilashi. Lome ɗin ma a jikin iyaka take, kana fita gari ka iso Aflao.

Ku mayar da agogo baya da awa ɗaya in kun shiga Togo. Benin lokacinmu ɗaya, Togo da Ghana suna bayanmu.

An ce sai an ba da na goro a iyaka. Gaskiya ne?

A doka, mai cikakkun takardu ba ya biyan komai don a buga masa hatimi. A aikace, kowa ya bi hanyar ya san ana miƙa hannu. Kamfanonin mota sukan haɗa wannan cikin kuɗin tikiti, ma'aikacinsu ya tattara fasfo ya shiga da su, shi ya sa za ku ga mai sabon fasfo da ba a taɓa buga wa hatimi ba ana cajinsa fiye da mai tsoho. Ku tambayi wannan tun a wajen sayen tikiti, a gaya muku abin da kuɗin ya ƙunsa.

A ɗaya daga cikin iyakokin wani mai kaki ya riƙe katin rigakafina yana jujjuya shi, ya ce hatimin bai fito sosai ba. Maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shi a waya, a duba." Ya tsaya shiru da hannu a baya, bai ɗaga murya ba, bai kuma taɓa aljihu ba. Da mutumin ya ga layi na taruwa sai ya turo katin. Ba kullum haka ke ƙarewa ba, amma faɗa bai taɓa rage wa kowa kuɗi a wurin ba.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kai: kada ku karɓi saƙon kowa a tasha don ku tsallakar masa, ko da ya ce magani ne na mahaifiyarsa. Magungunanku ma ku bar su cikin kwalinsu.

A ina ake canji?

Kuɗi uku ake taɓawa: naira, sefa a Benin da Togo, sidi a Ghana. Sefa kaɗan ta isa, ta ruwa da bayan gida da ɗan abin taɓawa. Sidi ku canza na kwana ɗaya ko biyu a Aflao, sauran a cikin gari, inda za ku zauna ku ƙirga a natse. Yawancin 'yan canjin hanyar Hausa suke yi, amma jin yare ɗaya ba ya hana ƙirga kuɗi sau biyu. Kada ku dogara da katin banki sai kun tambayi bankinku ko yana aiki a waje da kuma iyakar abin da zai bari a cire.

A 2007 Ghana ta yanke sifili huɗu daga kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi 1, amma har yau wasu tsofaffi da tsohon suke ƙirga. Safiyarmu ta farko maigida ya tambayi mai koko nawa ne, ta ce dubu hamsin. Ya tsaya da kofi a hannu yana kallona. Wani yaro a gefe ya yi dariya ya ce sidi biyar take nufi.

Ina kuka sauka, kuma da gaske ana jin Hausa?

Ana ji, kuma ba jiya aka fara ba. Ɗaruruwan shekaru fatake ke tashi daga Kano da Katsina da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare kogin Kwara su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Sansanne Mango da Yendi har Salaga a ƙasar Gwanja, su dawo da goron dajin Asante. Goron Gwanja da kakanninmu ke ambata daga nan yake. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akra. Cikinsu akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Krachi yana karantarwa yana rubutu da Larabci da ajami har ya rasu a 1934. Alhassan Ɗantata ma a wannan fataucin goron ya fara tara dukiya kafin ya zauna a Kano. Ta wani gefen kuma Turawan Ingila sun kwashi Hausawa soja daga Legas don yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, har Hausa ta zama harshen bariki. Daga waɗannan ne zangonni suka kafu.

Yau kusan kowane babban gari na da zangonsa. A Akra akwai Nima, Mamobi, Sabon Zango, Fadama da Madina. A Kumasi akwai Aboabo da Asawase, kuma akwai Sarkin Zango. Mazauna wurin ba duka Hausawa ba ne, akwai Dagomba, Mosi, Zabarmawa, Kotokoli, Fulani da Yarbawa, Hausa ce dai ta haɗa su. Hausarsu ta ɗan bambanta, ba su cika raba mace da namiji a magana ba, sai ki ji an ce miki "ka zo" alhali ke mace ce. Kunne na sabawa da wuri.

Yadda muka samu ɗaki: maigida ya yi sallar la'asar a wani masallaci a Nima, bayan sallama ya gaisa da dattawan sahun gaba ya ce baƙo ne daga Gombe da iyalinsa. Kafin magariba an haɗa mu da yaro ya nuna mana gidajen baƙi guda uku. Wani dattijo ma ya ce mu sauka gidansa. Mun yi godiya muka ƙi, don gidajen zango a cike suke, kuma in ka amsa to wani za a tasa daga ɗakinsa. Miji da mata da suka yi wannan doguwar hanya suna buƙatar ƙofar da za su rufe.

Shawarata ga maza: kada ka biya sai matarka ta shiga ta gani. Ta buɗe famfo, ta duba makewayi a ciki yake ko a waje, ta gwada sakata, ta ɗaga zanin gado. Ɗaki mai fanka ya isa, ba sai mai na'urar sanyi ba. Amma akwai arahar da ba a so. Duk gidan da ka ga ana karɓar kuɗin awa-awa, ko mashaya a ƙofarsa, ka ƙara kuɗi ka matsa gaba. Araha ba ta ado, a nan kam har mutunci take taɓawa.

Abinci fa? Ba ku sha wahala ba?

A zango ko kaɗan. Da safe koko mai yaji da citta da ƙosai, kuma duk Ghana ta san shi da sunan kokon Hausa. Da hantsi wace, wato shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har ta yi ja, a zuba mata taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da ganda da wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito, a naɗe a ganye. Ƙunshi ɗaya babba yakan ishe mu mu biyu har la'asar. Da dare tuwon zafi da miyar ayoyo, ko tsire. Akwai kuma burkina, gero da nono mai sanyi a gora, ga wanda ya yi kewar fura.

A wajen zango ne ake lura. Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne na mutanen ƙasar a ƙidayar 2021, kuma a kudu ana sayar da alade da naman daji a fili. In mun yi nisa da zango kifi muke ci, da dokunu ko banku, wato tuwonsu na masara mai tsami. Ni tsamin dokunu bai karɓe ni ba, shi kuwa har ya nemi ƙari.

Salla da hijabi?

Babu wanda ya kalli hijabina sau biyu. Matsalar a mota take, don direba ba zai tsaya maka saboda azahar ba. Matafiyi yana da rangwamen ƙasaru da haɗa salloli, sai a riƙe alwala a yi amfani da tsayuwar iyaka. Ƙaramar darduma da buta ta roba su kasance a jakar hannu.

In Juma'a ta same ku a Akra ku je babban masallacin ƙasa da ke Kanda, dab da Nima. An buɗe shi a 2021, Turkawa suka gina shi a salon masallatan Istanbul, da ƙubbobi da dogayen hasumiyoyi, kuma akwai wurin mata mai faɗi. Babban limamin ƙasar, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919, Kiristoci ma da girmamawa suke ambatonsa.

Me ya cancanci a biya a gani, me kuma za a iya bari?

A Akra yawancin abin gani kyauta ne ko kusa da haka: Dandalin Baƙin Tauraro, kasuwar Makola, tsohuwar unguwar Jamestown. Kabarin Kwame Nkrumah, wanda ya karɓo wa ƙasar 'yanci ranar 6 ga Maris 1957, ana biya, kuma an gyara wurin a 2023. Ku sani kusan ko'ina kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa. Cikin gari ku hau trotro, ƙananan bas ɗinsu, ku bar tasi.

In kuɗinku na wuri ɗaya ne tak, ku kai shi Cape Coast. Daga tashar Kaneshie ake hawa, kusan kilomita 150 yamma da Akra. Can da Elmina da ke kusa da ita akwai manyan gidajen da Turawa suka riƙa tara bayi kafin a loda su a jirgin ruwa. Na Elmina 'yan Fotugal suka gina shi a 1482, ya koma hannun 'yan Holan a 1637, sannan Ingila a 1872.

A Cape Coast mai jagora ya gangara da mu kurkukun maza. Ɗaki ne na dutse a ƙarƙashin ƙasa, iska ba ta shiga sai ta 'yan ramuka can sama kusa da rufi. Ya nuna mana wata 'yar kwata a tsakiyar daɓen, ya ce ita ce makewayin ɗaruruwan mutane. Sannan ya kashe fitila. Ba a fi minti ɗaya ba, amma na ji zufa ta jiƙa hijabina, na laluba na kama hannun rigar maigida. Da muka fito ya nuna mana cewa daidai saman wannan ramin cocin Turawan yake, sama da shi kuma ɗakunan gwamna masu manyan tagogi da iskar teku. Daga nan sai ƙaramar ƙofar da ke fita bakin ruwa, wadda wanda ya bi ta ba ya dawowa.

Kada Bahaushe ya tsaya wurin yana ganin tarihin wasu ne. Salagar da kakanninmu ke zuwa sayen goro babbar kasuwar bayi ce ita ma, kuma da yawa daga waɗanda aka tura kudu daga arewa aka kamo su. Maigida ya faɗi haka a mota muna komawa, ban ba shi amsa ba don babu abin cewa.

Dajin Kakum yana kusan kilomita 30 daga nan, inda aka ɗaura gadojin igiya guda 7 a saman bishiyoyi, tsayinsu daga ƙasa ya kai mita 30 ko fiye. Ku je da sassafe kafin motocin 'yan makaranta, mace ta sa takalmi mai rufi ta tattare hijabi. Wani da ba zan ambaci sunansa ba ya karanta duk addu'ar da ya sani a gada ta biyu. A Elmina ku tsaya kan gada ku kalli kwale-kwalen masunta masu fenti da tutoci, sai dai ranar Talata ba sa fita kamun kifi.

Kumasi kusan kilomita 250 ce daga Akra. Kasuwar Kejetia tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, ku riƙe hannun juna. Gidan tarihi na fadar Manhyia shi ne gidan da Turawa suka gina wa Sarki Prempeh na ɗaya a 1925, bayan ya dawo daga tsibirin Seychelles inda suka kai shi zaman dole.

Dajin Mole da ke arewa mun bar shi. Wanda Yankari ke maƙwabtaka da shi ba ya kashe kuɗin kwana biyu a mota don ganin giwa.

Da kun tara kuɗin ba gara ku je Umara ba?

Wannan tambayar dattawa suka fi yi, kuma ba na raina ta. Amsar ita ce abin da muka kashe mu biyu ba zai kai mutum ɗaya Makka ya dawo da shi ba. Asusun wancan daban yake, ba mu taɓa shi ba. Allah Ya kira mu.

Wa kuka bar wa yara, kuma me surukai suka ce?

Wajen Dada, mahaifiyar maigida, a lokacin dogon hutu. Da ya gaya mata sai ta kira ni gefe ta ce, "Ɗiyata, gaya mini gaskiya, asibiti za ku?" A wajenta ba a fita ƙasar waje sai don Makka, karatu ko ciwo. Na rantse mata lafiyata ƙalau. Ta ce to a kawo mata goro. Mun kai buhun shinkafa da kuɗin cefane kafin mu tafi, kuma wannan ma ku sa shi a lissafi, don ba a jibge wa tsohuwa jikoki hannu rabbana.

Wa ya riƙe kuɗi? Ba ku yi faɗa ba?

Kafin mu tashi muka zauna da takarda muka raba kuɗin gida huɗu: mota, ɗaki, ci da yawo, tsaraba. Kuɗin motar dawowa har Gombe muka ware a ambulan, muka yi alkawarin babu mai buɗe shi ko me aka gani a kasuwa. Na kashewar yau da kullum a hannuna yake, shi yana riƙe da babban. Kowa kuma yana da ɗan abin da zai kashe ba tare da an tambaye shi ba, kuma wannan ɗan kuɗin ya kashe rigima da yawa tun ba ta taso ba.

Saɓani an yi. Shi yana son a tashi da asuba a ga wuri biyar, ni ina son a ga biyu a zauna. A Kejetia ya tsaya yana duba agogo ina taya atamfa, na ce, "Malam, ga benci can." A gida aiki da yara da baƙi suna raba ku, a tafiya kuwa babu inda ɗaya zai shiga ya huce, sai a koyi yin shiru na rabin awa. Amma a wannan doguwar motar ne muka yi hirar da muka shekara ba mu samu sararinta ba, har da maganar filin da muke ta ɗagawa.

Yaya suke ɗaukar 'yan Najeriya?

Da tsokana galibi, musamman kan dafa-duka da ƙwallo da wutar lantarki. Amma akwai tsohon tabo. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda, 'yan Najeriya da yawa suka dawo, a 1983 kuma gwamnatin Shagari ta kori 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya, abin da ya bar mana sunan jakar nan da kowa ke zuba kaya, Ghana Must Go. Har yanzu akan samu rikici kan shaguna, don dokarsu ta 2013 ta ɗora wa baƙo jarin dala miliyan 1 kafin ya yi kasuwanci irin na saye da sayarwa. Mai yawon buɗe ido wannan bai shafe shi ba. Mutanen suna da sanyin magana, suna son gaisuwa kafin tambaya, ba sa son a miƙa musu abu da hagu. Mutumin Gombe ba sai an koya masa waɗannan ba.

Wane wata ya fi?

Agusta. Manyan ruwan kudu na sauka ne daga Afrilu zuwa Yuli, kuma Akra na ambaliya a Yuni. Agusta akwai sanyi-sanyi, ruwa ya ɗan tsagaita, ga hutun makaranta. Disamba ku guje ta: tun bikin dawowar jikokin bayi na 2019 ƙasar ke cika da baƙi daga Amurka da Turai a ƙarshen shekara, ɗaki ya yi tsada, iyaka ta cushe. Mako biyu ya isa, da tafiya da dawowa.

Tsaraba me ake kawowa?

Atamfar GTP, man kaɗanya, sabulun salo, cakulan Golden Tree, shito a kwalba, da goro ga tsofaffi. Kente na gaske da ake saƙawa a Bonwire kusa da Kumasi yana da tsada, mu ƙyalle muka saya. Ku rubuta sunayen waɗanda za a ba tun a gida, ku tsaya a kansu. Kuma kada atamfa ta yi yawan da za a ɗauke ku 'yan kasuwa a kwastan.

Akwai wanda ba ku ba shawarar ya bi mota ba?

Mai juna biyu, mai ciwon baya ko ƙafa, mai ciwon suga da ba ya jure jinkirin abinci, da wanda hutunsa bai wuce mako ɗaya ba, don hanya kaɗai za ta cinye fiye da rabinsa. Jirgi daga Legas zuwa Akra kusan awa ɗaya ne. Wanda ke da ɗan hali zai iya raba abin: ya hau jirgi daga filin jirgin Gombe da ke Lawanti zuwa Abuja ko ya haɗa har Legas, ya huce wahalar ɓangaren da ya fi tsawo, sannan ya bi mota daga Legas don ya ga Kwatano da Lome. In kuma jirgi sau ɗaya kawai kuɗin zai iya, a ajiye shi na dawowa, lokacin da jiki ya gaji. Sai dai a tambayi nauyin kayan da aka yarda da shi kafin a shiga Kejetia.